Gurbin Waɗanda Suka Tafi

Shekarun baya, lokacin da sumar kaina take cike kuma nake ji a raina babu wanda ya kai ni sanin kwamfuta daga Sharada har Bompai, na samu aiki a wani kamfanin saƙa da rini. Masana'antu uku gare shi: ɗaya a Sharada inda babban ofis yake, ɗaya a Challawa, ɗaya a Bompai. Kowane reshe da kwamfutocinsa, kowa da inda yake jibge kayansa, in ana neman takarda ɗaya sai an tashi mutum a kan babur. Da abin ya ishi masu kamfanin sai suka ce a tara komai wuri guda. Aka sayo manyan na'urorin ajiya guda biyu da akwatin faya-fayai, aka kafa su a wani ɗaki mai sanyi a Sharada. Waɗanda suka kawo su suka haɗa wayoyi suka kama gabansu, sauran aikin aka bar mini. Ko wata huɗu ban cika ba a wurin.

Bari in ɗan yi bayani saboda waɗanda ba harkarsu ba ce, ba zan tsawaita ba. Na'urorin nan biyu tagwaye ne, faya-fayai ɗaya suke kallo, in ɗaya ta faɗi ɗayar ta ci gaba da aiki ba tare da kowa ya ankara ba. Amma sabon faifai fili ne kawai, ba a ajiye komai a kansa sai an tsara shi. Aikina ke nan: in yanka filin gurbi-gurbi, in faɗi girman kowane gurbi, in faɗi kwafi nawa za a riƙa ajiyewa, sannan in raba wa kowane ofis kasonsa. Abu biyu nake so ku riƙe. Duk fayil ɗin da aka ajiye, komai ƙanƙantarsa, sai ya cinye gurbi guda cur. Kuma in an riga an yanka, ba a sake girman gurbi sai dai a rushe a faro daga tushe.

Ogana, manajan ofis, ya gaya mini abin da ya fi damun masu kamfani shi ne zane-zanen atamfa, waɗanda kowannensu fayil ne tafkeke. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na zaɓi gurbi mafi girma, na buga umarnin ko littafin ban buɗe ba, na jingina da kujera ina jira a yaba mini. Ban zagaya ofis ko ɗaya na tambayi me suke ajiyewa ba. A ganina wanda ya riƙe takardar shaida ba ya tambayar wanda bai riƙe ba.

To akwai wani dattijo a ƙarƙashin ofishin ma'aikata, kowa Baba mai hoto yake ce masa. Ɗan ƙaramin ɗakinsa yana dab da get, da jan ƙyalle a bango da kujerar katako guda ɗaya. Shi yake ɗaukar hoton katin shaida tun kafin a haife ni. Duk wanda ya zauna a kujerar nan, lebura ne ko manaja, kalma ɗaya yake fara ji: "Gyara hularka." Shi kuwa tasa kullum a karkace take zuwa kunnen hagu, kuma ban taɓa jin wanda ya iya gaya masa ba.

Da kwamfuta ta zo, Baba bai gudu ba. Ya koyi aiki da sikana, na'urar kwafar hoto zuwa kwamfuta, da yatsa ɗaya, ya yi shekaru yana shigar da tsofaffin hotunan da ke cikin akwatunan ƙarfe, waɗanda danshi da gara suka fara ci. Hoton fuska, hoton ɗan yatsa, gaban kati da bayansa, kowanne fayil ɗinsa daban. Dubbai ne. Ranar da na je kwashe su zuwa sabuwar ma'ajiya na ga bai jera su da lambar ma'aikaci ba, da sunan gari ya jera su. Ga foldar Ringim, ga ta Gumel, ga Maraɗi, ga Damagaram, ga wasu ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Na yi dariya na ce, "Baba, wannan ai ba tsari ba ne, tashar mota ce."

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Injiniya, wanda zai zo neman ubansa bai san lamba ba. Garinsu ya sani."

A nan na ji al'adarsa. Duk lokacin da labari ya zo cewa wani ma'aikaci ya rasu, ko yana aiki ko ya bari shekara ashirin, Baba yakan wanke hotonsa ya sa a ambulan. In gidan yana kusa ya kai da kansa wurin ta'aziyya, in nesa ne ya ba wani ɗan garin mai tafiya gida. Ya ce da yawansu wannan ne kaɗai hoton da aka taɓa ɗaukarsu a duniya. Na ce Allah ya ba da lada, amma gaskiya hankalina yana kan agogo. Na kwashe komai, na goge tsohuwar kwamfutarsa tas, aka tura ta sito a Challawa. Da zan fita ya riƙe hannun rigata.

"Ɗana, ka tabbata duk sun isa lafiya?"

Kai ka ce mutane na sa a mota. Na ce masa sun isa, har kwafi biyu-biyu aka yi musu.

Sati biyu ana lafiya. Ranar wata Alhamis da hantsi ofishin ma'aikata ya tsaya cik, ko wasiƙa aka rubuta ba ta ajiyuwa. Kasonsu ya cika maƙil. Oga ya kira ni, na duba a gabansa, sai ga foldar Baba ta cinye kusan komai. Ban tsaya na tambayi kaina yaya aka yi ba. Na samu wanda zan ɗora wa, sai na ɗora. Na ce, "Yallaɓai, hotunan tsohon nan ne. Har na mutanen da suka bar aiki tun da daɗewa yana tarawa."

Oga ba mugu ba ne, mutum ne da aiki ya tsaya masa. Ya ce, "To me muke jira? A bar na masu aiki yanzu, sauran a goge. Litinin da safe ina so in ga sistem ɗin nan yana tafiya."

Kun tuna na riga na goge tsohuwar kwamfutar, kuma takardun asali gara ta gama da mafi yawansu. Wato in na danna, sun tafi ke nan har abada.

Na je na samu Baba yana share gilashin kyamararsa da gefen rigarsa. Na zauna a kujerar katakon, na jero masa bayani da Turanci rabi Hausa rabi, don dai ya san ba da wasa nake ba. Ya saurara har na gama. Bai roƙe ni ba, da ya roƙa ma da ya fi mini sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi.

"Ɗana, ni ban yi boko ba, ka yi haƙuri. Waccan ƴar ƙaramar tawa da ka goge, duk ta ɗauke su har da sauran wuri. Yaya aka yi wannan da aka ce ta fi ta sau ba adadi ta gaza?"

Na ce, "Baba, abin yana da zurfi, ba za ku gane ba."

Ya ce, "Haka ne." Ya ci gaba da share gilashinsa. Har na kai ƙofa na ji ya ce, kamar da kansa yake magana, "Na Damagaram ne nake ji. Su ba su da kowa a nan."

Lokacin a Zawaciki nake zaune tare da mahaifiyata. Washegari Juma'a da safe tana dama koko ina zaune a kan turmi, na ɗauko mata labarin a matsayin ƙorafi: ga wani tsoho ya cika mana wuri da hotunan matattu, ga shi ni aka bar wa jidali. Ina jira ta ce sannu. Sai ludayin ya tsaya.

Ta ce, "Hoto ka ce?"

Na ce eh.

"Na mutanen da suka rasu?"

Na ce eh, Inna.

Mahaifina ya rasu ina da shekara uku. Mai lambu ne a bakin kogin Challawa, bai taɓa aikin da ake ba da kati ba, bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Ban san fuskarsa ba. Mahaifiyata kuwa mace ce mai alkunya, ko sunana ba ta faɗa, balle ta zauna tana ba ni labarin mijinta. Amma ran nan ta juya kokon sau biyu, ba ta kalle ni ba, ta ce, "Ɗan nan, kwana biyun nan in na nemi fuskar mahaifinka a raina sai ta ƙi zuwa. Sai na saci kallonka in tsinci goshin, sauran ya ɓace." Ta zuba mini a kofi ta miƙo. "Da a wurinku ya yi aiki, da yanzu yana cikin waɗanda za ka goge."

Ban iya shan kokon nan ba. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai sa idonsa, kuma a ƙarƙashinta akwai kewar mutumin da ban sani ba. Na tashi na hau keke napep zuwa Sharada, duk hanya tambayar Baba tana yi mini yawo a ka.

Ina isa na yi abin da ya kamata in yi tun jiya. Na ɗauki hoto ɗaya, na wani bawan Allah daga Gumel, na duba ainihin girmansa, sannan na duba wurin da ya cinye. Sai da na sake dubawa. Ɗan mitsitsin fayil ne, amma ya mamaye gurbi guda tafkeke da na yanka don zanen atamfa, kuma sau biyu, tunda kwafi biyu na ce a yi. Kamar a sa ƙwayar gyaɗa ɗaya a buhu a ɗinke bakinsa, a ɗauko wani buhun saboda ƙwaya ta gaba. Ba hotunan Baba ne suka cika wurin ba, iska ce a cikin buhunan da na ɗinka. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na tsoho.

Gaskiya shaiɗan ya zo mini da shawara mai daɗi. In na goge hotunan wuri zai samu, aiki ya tafi, babu wanda zai taɓa sanin kuskurena, tunda babu mai iya karanta abin da ke kan allon sai ni. In kuwa na faɗi gaskiya, ni ne sabon ma'aikacin da aka damƙa wa kaya mafi tsada a kamfani ya yanka shi ba daidai ba. Na daɗe a ɗakin nan mai sanyi ina gumi.

Bayan an sauko daga masallaci na shiga ofishin oga. Na ce, "Yallaɓai, jiya na gaya muku abin da ba haka yake ba." Na zana masa a takarda, har da buhu da gyaɗa. Ya cire tabarau ya kalle ni.

"Wato injiniyan ne ya cika mana wuri, ba tsohon ba."

Na ce, "Ni ne, yallaɓai."

"Yanzu mene ne magani?"

Na ce akwai faya-fayai biyu da aka ware saboda gaba, ba a taɓa su ba. In ya yarda zan tsara wata ma'ajiyar daban a kansu mai ƙananan gurabe, in mayar da hotunan can, zanen atamfa su zauna inda suke. Ni kuwa har na fara lissafin inda zan kai takardar neman aiki. Sannan ya ce gobe Asabar in yi, kada aiki ya tsaya ko na minti ɗaya, kuma in na sake danna wani abu ban buɗe littafi ba shi da kansa zai raka ni get. Na yi godiya na juya. Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ka ce da sunan gari ya jera su? In ka gama ka duba mini foldar garinmu. Kawuna ne ya kawo ni kamfanin nan."

Asabar da safe na tarar labari ya riga ya kai wa Baba, yana jira a bakin ɗakin na'urori, ga shi ba ranar aikinsa ba ce, da ƙullin ƙosai a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, tambayarku ta ranar nan, ku ne da gaskiya. Ku yafe mini." Ya ce, "Tashi, tashi, Injiniya, ƙosan zai huce." Iyakar abin da ya ce ke nan a kan maganar, har ya bar duniya bai sake tayar da ita ba.

Wannan karon na buɗe littafin. Na karanta kowane layi sau biyu kafin in danna, Baba yana gefe ya naɗe hannuwa a hammata saboda sanyin ɗakin. Na yanka ƙananan gurabe, na sa kwafi biyu, na haɗa sabuwar ma'ajiyar da na'urorin duka biyu. Amma kafin in kwaso dubban hotuna sai na gwada da fayil ɗaya tukuna, ƙarami, irin nasu. Na ce, "Baba, ina naku hoton? Da shi za mu buɗe."

Ya ciro katinsa daga aljihu. Hoton tun yana saurayi ne, ya koɗe fari fat, inuwar hula kawai ake gani. A duk dubban da ya shigar bai tuna da kansa ba. Na ce to yau za ku zauna a kujerar. Ya ce a'a, shi mai ɗauka ne. Na ce in babu fayil babu gwaji, in babu gwaji na Damagaram ba za su ƙaura ba. Da wannan na ci shi.

Muka je ɗakinsa ya zauna gaban jan ƙyallen, ya dafa gwiwoyi kamar sabon ɗauka. Daga kan kujerar yake ba ni umarni: in matsa baya, in ɗaga gwiwar hannu, in daina numfashi. Na leƙa ta gilashi na ga hular nan a karkace zuwa kunnen hagu. Kalmar ta zo mini har bakin leɓe, na haɗiye ta. Na danna.

Muka koma na ajiye hoton a sabuwar ma'ajiya, na buɗe shi a allo. Na ce ya zuba ido. Na je na kashe na'ura ta farko gaba ɗaya, fitilunta suka mutu, ƙarar fankarta ta tsaya. Na rufe hoton na sake buɗewa, sai ga fuskarsa ta dawo, ɗayar na'urar ta karɓi aiki. Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon.

"Ka kashe ɗaya, ga ni nan ban je ko'ina ba."

Na ce, "Haka ake so, Baba. A wace folda zan sa ku?"

Ya ambaci wani ƙauye a Jigawa da ya baro tun yana matashi. Ya ce, "Sa ni cikin mutanenmu."

Kafin la'asar duk hotunan sun ƙaura, kuma wurin da suka ci bai taka kara ya karya ba. Litinin da safe ofishin ma'aikata ya ci gaba da aiki, oga ya samu kawunsa, ya daɗe yana kallo da ƙofa a rufe. Ni kuma a Lahadin da ke tsakani na ari kyamarar Baba na tafi da ita Zawaciki. Mahaifiyata ta yi ta faɗa, wai me za a yi da hoton tsohuwa, amma sai da ta shiga ɗaki ta canza mayafi.

Bayan wasu shekaru, na riga na koma wani kamfanin a Bompai, wani tsohon abokin aikina ya kira ni ya ce Baba mai hoto ya rasu. Na je Sharada na roƙi wanda ya gaje ni, muka buɗe foldar ƙauyen nan. Yana nan, fayil mafi tsufa a ma'ajiyar. Na wanke shi na sa a ambulan, yadda na ga yana yi, na kai gidansa ranar sadakar uku. Na miƙa wa babban ɗansa a kan tabarmar ƙofar gida. Ya buɗe, ya rufe da sauri, ya tashi ya shiga ciki da shi. Ya jima kafin ya fito, idonsa ja.

Ya ce, "Mahaifiyarmu ta ce a tambaya, wa ya ɗauki hoton nan?"

Na ce ni ne.

"Ta ce Allah ya yi maka albarka da ba ka sa shi ya gyara hular ba. Ta ce haka ta san shi."

Har yau wannan aikin nake yi, na'urorin sun canza, gashin kaina ya tafi. Amma ban sake yanka faifai ba sai na tashi daga kujera na zagaya ofis-ofis na tambayi mutane me suke ajiyewa, kuma wa zai zo nema. Matasan da nake koya wa aiki suna ganin ɓata lokaci ne, nakan bar su su yi dariyarsu, ni ma na yi tawa a da. Mahaifiyata ta rasu shekara shida da suka wuce, Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Baba, ya jiƙan mahaifina da ban san fuskarsa ba. Ran da na nemi fuskarta a raina ta yi mini nauyin zuwa, ba na wahala. Aljihun tebur kawai nake jawowa, ga ta nan da sabon mayafinta, tana hararar kyamara.